Fenti Ruwan Makuba: Ina Ya Dace A Cikin Ɗaki?

 Kamar yadda muka saba, abin da muka faɗa a rediyo shi muke bugawa a wannan shafi, domin wanda batirinsa ya mutu a ranar, ko yana kan hanyar cin kasuwa, kada abin ya wuce shi. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

A wannan mako wasiƙu 3 muka ware, don kuwa duk a kan abu guda suke tambaya, wato shafa wa cikin ɗaki fenti mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu, wanda Bahaushe ya daɗe yana kira ruwan makuba, 'yan birni kuma yanzu suke ce masa kalar kofi.

Wasiƙa ta farko daga wani manomi ta fito, a wani ƙauye da ke yankin Gumel cikin Jihar Jigawa. Ga abin da ya ce: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na sayar da riɗina, na gina ɗaki ƙafa 12 da 12 na bulo, an yi filasta, kuma in Allah ya yarda bayan an gama kaka za a kawo mini amarya. Na taɓa shiga falon wani Alhaji a Kano na ga an yi masa fenti ruwan makuba tun daga ƙasa har sama, ya ba ni sha'awa ƙwarai. Mai fenti ya ce in sayi galan 3 na fentin mai, wai shi ne ba ya nuna datti. Mahaifiyata kuwa ta ce ba a kai amarya ɗaki mai duhu. Kuɗin da suka rage mini ba su da yawa. Don Allah wace shawara za ku ba ni?"

To, ango, muna amsa gaisuwa, Allah ya sa alheri, ya kai mu lokacin lafiya. A taƙaice amsarmu ita ce: mai fenti yana da gaskiya daga ƙugu zuwa ƙasa, Inna kuma tana da gaskiya daga ƙugu zuwa sama. Ka sa ruwan makuba a gindin bango, inda hannu da baya da ƙafa suke taɓawa, ka bar sama da silin da launi mai haske. Bari mu faɗa maka dalili, don kada ka ce mun raba gardama ne kawai saboda kunyar tsohuwa.

MAGANAR HASKE

Hasken da ke shigowa ta taga ba ya tsayawa inda ya fara sauka. Yakan bugi bango ya dawo, ya sake bugun wani bangon, da haka yake cika ɗaki. Farin bango yana mayar da wajen kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Ruwan madara yana biye da shi kusa. Amma ruwan makuba mai duhu sosai, abin da yake mayarwa bai fi kashi 10 ba, sauran duk ya shanye. Ka ga ke nan taga ɗaya, fitila ɗaya, amma ɗakuna biyu za su bambanta kamar hantsi da almuru.

Falon Alhajin da ka gani, ka tuna yadda yake. Akwai manyan tagogi na gilashi, akwai ƙwayayen lantarki da yawa a silin, in an ɗauke wuta a ta da janareto, ƙasa kuma tayil ne mai ɗaukar ido. Shi ya sayi hasken da bangon yake shanyewa. Kai kuwa taga ɗaya ce ƙarama, wataƙila ma da labule a kanta, da dare kuma fitilar sola ce ko ta caji. A ɗakin nan amarya za ta zura zare a allura, ta tsince shinkafa, ta duba jikin jariri, nan gaba kuma yara su yi karatu. Ga kuma jere. Iyayen yarinya sun yi shekaru suna tara kwanuka da tasoshi, in aka jera su a jikin bango mai duhu cikin ɗakin da ba haske, 'yan ganin ɗaki sai sun kunna tocila.

Sai ka san kuma shiga duhu ya fi fita sauƙi. In ka shafe ɗakin duka da fentin mai mai duhu, daga baya ka ga bai yi ba, sai an goge sheƙin an yi shafi 3 ko fiye na fari kafin duhun ya daina leƙowa. Kuɗi biyu ke nan. Shi ya sa Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane.

ZAFI DA SAURO

Mutane da yawa suna cewa fenti mai duhu yana sa ɗaki zafi. A nan sai an rarrabe. In a waje ne, a jikin bangon da rana ke duka ko a kan kwanon rufi, gaskiya ne, launi mai duhu yana shan zafin rana ya tura shi ciki. Amma a cikin ɗaki, inda rana ba ta sauka a kan bangon, launi ba shi ne ke kawo zafi ba. Zafin ɗakin ƙauye yawanci daga kwanon rufi yake saukowa in babu silin, da kuma rashin tagar da iska za ta ratsa. Saboda haka in kuɗi sun yi saura, silin ya fi ƙarin galan na fenti amfani.

Maganar sauro kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Fenti ba ya haifar da sauro, a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyashewa. Amma da rana wuri mai duhu yake nema ya laɓe: ƙarƙashin gado, bayan kaya, jikin tufafin da aka rataye. A shekarar 2022 masu bincike a Jami'ar Washington da ke Amurka sun nuna cewa irin sauron da ke yaɗa cutar shawara, in ya ji numfashin mutum, yakan nufi launin baƙi da ja da ruwan goro, ya ƙyale fari. Ban da wannan ma, a jikin farin bango kana ganin sauro ka kashe shi, kana ganin kunama da kyankyaso, kana ganin hanyar gara tun ba ta yi nisa ba. A bango mai duhu sai dai ka ji a jikinka. Ko wane launi ka zaɓa dai, gidan sauro mai magani shi ne kariya, kada a bar shi.

INDA MAI FENTI YA YI GASKIYA

Gindin bango shi ke shan wahala. Nan ake jingina, nan man shafawa da man kitso suke bari, nan yara ke goge hannu bayan sun ci tuwo, nan ruwan wanke ɗaki yake fantsama. Fari a wannan wuri ba ya wata 3 sai ya yi dabbare-dabbare. Ruwan makuba yana ɓoye duk waɗannan, in kuma mai sheƙi ne, da jiƙaƙƙen tsumma ake goge shi.

Sai dai bai faɗa maka duka ba. Ƙurar hunturu fara-fara ce, kuma a kan launi mai duhu ta fi fitowa. Ɗakin da aka shafe da duhu har sama, lokacin buji sai ka ga kamar an barbaɗa masa gari, kuma can sama hannu ba ya kaiwa. Har wa yau, fenti mai duhu mai sheƙi yana tona asirin magini: duk wani tudu da kwari na filasta sai ya fito fili idan haske ya bugi bangon daga gefe.

YADDA ZA A RABA BANGON

A auna ƙafa 4 daga daɓe, a yi alama a kowace kusurwa. In daɓen bai daidaita ba, a sa magini ya fitar da layin da lebur ɗinsa. Sai a shafa wa igiya bula ko garin gawayi, mutum biyu su ja ta ta yi tsam, a ɗaga tsakiyarta a saki, za ta bar layi miƙaƙƙe a jikin bango. Daga layin zuwa ƙasa ruwan makuba, daga layin zuwa sama ruwan madara ko fari, silin kuwa fari tas. Ƙofa da katakon taga su ma a yi musu ruwan makuba, sai ɗakin ya haɗu. In rufin ɗakin gajere ne, a sauke layin zuwa ƙafa 3, domin duhu in ya yi tsawo yana sa a ji kamar rufin ya sauko.

A fara da silin, sannan saman bango, a ƙare da gindin. Dalili kuwa, ɗigon fari in ya sauka a ƙasa, duhun zai rufe shi daga baya.

Ga lissafin kuɗinka. Ɗaki 12 da 12 kewayensa ƙafa 48 ne. In ka ɗauki ƙafa 4 na ƙasa, ka cire gurbin ƙofa, za ka sami wajen murabba'in mita 17. Lita 1 ta fenti mai kyau tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, in bangon sumul yake. Shafi 2 ke nan bai kai lita 4 ba, wato galan 1 ya ishe ka, maimakon 3 da aka ce ka saya. Sama da silin kuwa fentin ruwa za a sa, wanda ya fi na mai araha. In tsayin bangon ƙafa 10 ne, galan 2 zuwa 3 za su yi, domin sabuwar filasta tana shan fenti. Kowane kamfani yana rubuta yawan abin da fentinsa ke rufewa a jikin gwangwani, a sa a karanta maka kafin ka biya.

Kafin a buɗe gwangwani gaba ɗaya a kan bango, a shafa ɗan wuri kamar faɗin faifai 2, a bari ya bushe, a dube shi da safe, a sake dubawa da dare da irin fitilar da za a riƙa kunnawa. Launin da ke jikin murfi daban, wanda zai fito a bango daban, kuma wuri mai faɗi kullum ya fi nuna duhu. In ka ga ya yi duhu da yawa, a sirka da farin fenti irinsa, na mai da na mai, na ruwa da na ruwa, ba a haɗa su. In kuma gwangwani 2 ne na launi ɗaya, a juye su a bokiti guda a motsa, don sau da yawa sukan ɗan saɓa.

SHIRI KAFIN SHAFI

Ango, mun san kana sauri, amma sabuwar filastar siminti tana bukatar aƙalla mako 4 kafin ta karɓi fenti, fentin mai ma ya fi son a ƙara mata lokaci. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na kanwa, yakan cinye man da ke cikin fenti, sai ka ga ya yi danƙo, ya kumbura, ya fara saɓulewa. Ga hanyar gwaji mai sauƙi: a manna farar leda a jikin bango da salatif, a rufe gefenta duka, a bar ta ta kwana. In da safe an ga gumi a cikinta, ko wurin ya yi duhu, bangon bai bushe ba tukuna.

In ya bushe, a cike tsaga da ramuka, a goge da samfefa, a share ƙurar. Kafin fentin mai a fara sa abin da masu fenti ke kira andakot, shi ke toshe ƙofofin filasta ya ba fenti wurin kamawa. Shafi 2 marasa kauri sun fi 1 mai kauri. Fentin ruwa yakan karɓi shafi na biyu bayan awa 2 zuwa 4, na mai kuwa sai ya kwana.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya kankama, wato wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba. Da damina bango yana da laima. Cikin tsakiyar hunturu kuma ƙura tana manne wa ɗanyen fentin mai ya koma kamar samfefa. In dole ce ta sa, a yayyafa ruwa a tsakar gida, a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga ta waje, iska ta shiga ƙura ta tsaya.

Muna roƙon jama'a don Allah kada a tsinka fenti da fetur. Tururinsa yana bin ƙasa, in ya tarar da aci-balbal ko kyandir ko garwashin turaren wuta, gobara ce nan take. A yi amfani da abin da aka rubuta a jikin gwangwani, a bar ƙofa da taga a buɗe. Kada kowa ya kwana a ɗakin sai warin ya fita sarai, musamman mai juna biyu, da jariri, da mai asma. Wannan ya nuna ba ranar jajibirin kai amarya ake fenti ba. A gama da mako 2 a hannu.

GUBAR DA BA A GANI

Akwai wata magana da ta fi launi muhimmanci, ita ce dalma. Wasu masu haɗa fentin mai suna sa sinadarin dalma domin launi ya fito ko don ya yi saurin bushewa, kuma an fi samun ta a launin rawaya da ja da ruwan goro da kore. Ruwan makuba na kirki daga tsatsar ƙarfe ake samun launinsa, wato abin nan da ya sa jar ƙasa ta zama ja, wannan ba ya cutarwa. Amma wanda aka haɗa a bayan shago ta hanyar gauraya ragowar ja da rawaya da baƙi, ba wanda ya san abin da ke cikinsa.

Fenti in ya tsufa yakan zama ɓawo da ƙura. Yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jikin mutum da aka san ba ya cutarwa. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Wancan daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya take ba ƙasashe shawarar su kafa ita ce kashi 90 cikin miliyan 1, maƙwabciyarmu Kamaru kuma ta kafa wannan doka a 2017.

To, tun da mun ce gindin bango za a shafa, inda yara suka fi taɓawa, sai a kula. A sayi fenti a rufaffen gwangwani mai sunan kamfani da adireshinsa, a sa mai karatu ya duba ko an rubuta cewa ba a sa dalma ba. A guji na awo a kwalba ko a leda, araha ba ta ado. Wanda ya samu hali ya nemi fentin ruwa mai ɗan sheƙi da ake iya gogewa, wanda 'yan kasuwa ke kira satin, domin da wuya a sami dalma a fentin ruwa, warinsa kuma kaɗan ne. Masu tsohon ɗaki da za su kankare tsohon fentin mai, a jiƙa bangon tukuna don kada ƙura ta tashi, a fitar da yara da abinci, a kwashe ɓawon a ƙulle a leda, kada a zuba inda kaji da awaki suke kiwo. Gwangwanin fentin mai kuma ba mazubin ruwan sha ba ne, ba na kunu ba ne, ko an wanke shi.

GININ ƘASA FA?

Wasiƙa ta biyu wata baiwar Allah ce ta sa aka rubuto mana daga yankin Ɗanbatta. Ta ce ɗakinta ginin ƙasa ne, ɗanta ya zo daga birni ya shafa masa fentin mai ruwan makuba don ya faranta mata, amma damina ɗaya ta wuce duk gindin bangon ya kumbura yana zubowa da ƙasa a jikinsa. Tana tambaya ko fentin ne jabu.

Gwaggo, Allah ya yi wa yaron nan albarka, niyyarsa mai kyau ce. Ba lalle ne fentin ya zama jabu ba, wurin ne ba nasa ba. Bangon ƙasa yana shan laima daga tushe da damina, ya fitar da ita ta jikinsa a hankali. Fentin mai kamar leda yake, ya rufe hanyar. Laimar ta taru a bayansa, ƙasar ta yi laushi, sai ya ɓanɓaro da ita. In aka sake shafa wani a kai, baɗi haka za a sake gani.

Ga abin da za a yi. A jiƙa a kankare fentin duka, a bar bangon ya sha iska har rani. A duba waje: indararo yana zubar da ruwa nesa da bango, ko a gindinsa yake zuba? A yi wa gindin bangon dakali ko gangare ta waje don ruwa ya gudu. Sannan a sake yaɓe. Launin da kike so kuwa, ai ku ne masu shi tun asali, mu a wurinku muka gani. Sunan launin ma daga makuba aka samo shi.

Saboda yaran yanzu da ba su sani ba, makuba ita ce ɓawon 'ya'yan ɗorawa, abin da ya rage bayan an cire garin ɗorawa da kalwar da ake daddawa. Da bazara ake tara ta. Wasu jiƙa ta suke yi ta kwana biyu, wasu tafasawa, har ruwan ya yi ja ya koma duhu. Da wannan ruwa mata suke yayyafa wa burji ranar daɓe, suna bugu da madaɓi, har ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi. Magina kuma suna sa shi a yaɓen bango. Abin da ke cikinta mai ɗaure ƙasa ɗan'uwan wanda ke cikin bagaruwa ne, wadda majema suke jima da ita. Tana ƙarfafa fuskar bango ta rage masa shan ruwa, amma ba ta toshe shi ruf kamar fentin mai.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. A garin Tiyebele da ke kudancin Burkina Faso, mata suna yi wa bangon gidaje zane da jar ƙasa da fara da baƙa, su bi shi da ruwan ɓawon ɗorawa don ya daɗe. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa fadar sarkin garin cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da muke zubarwa a juji ke nan.

Saboda haka, Gwaggo, a shafa ruwan makuba a daɓe da gindin bango, sau 2 ko 3, ana bari yana bushewa tsakani. Sama kuma a shafe da farar ƙasa, wasu sukan jiƙa ɗan ƙaro su zuba don kada ta riƙa bin riga. Aibinta guda, tana son a sabunta ta bayan shekara 1 ko 2, amma ba ta cin kuɗin galan. A kiyaye zuba ragowar ruwan a kududdufi ko tafkin da ake kiwon kifi, don yana kashe kifi.

SHAGO DA ƊAKIN AJIYA

Wasiƙa ta uku daga Maraɗi ta zo, a Jamhuriyar Nijar. Wani ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda, yana kuma da ɗakin ajiye gero da wake. Ya ce yana so ya yi wa duka biyun fenti mai duhu don kada ya riƙa sabuntawa kowace shekara, kuma wani ya ba shi shawarar ya shafa baƙin mai na mota a ɗakin ajiyar, wai ga launi ga maganin gara.

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. A shagon tufafi haske jari ne. In shago ya yi duhu, mai saye ba ya rarrabe shuɗi da baƙi, sai ya ɗauki turmi ya fita da shi bakin ƙofa, wani ma in ya je gida ya ga launin ba shi ba ne ya dawo maka da kaya. Ka bar bango da silin fari, domin fari ba ya canza launin kaya. Ruwan makuba ya tsaya a kanta, da ƙofa, da benci, da ƙafa 2 ko 3 na gindin bango inda takalma da buhuna suke gogawa.

Ɗakin ajiyar hatsi kuwa fari ya fi dacewa da shi daga sama har ƙasa. Kana so ka ga ƙwaro, ka ga kashin ɓera, ka ga tsagar da suke ɓoyewa, ka ga tabon yoyo tun bai jiƙa buhu ba. Launin da ke ɓoye datti yana ɓoye ɓarna. Ko farar ƙasa ka shafa kowace shekara kafin a shigo da sabon amfani, ta wadatar. In ka yi wa ƙofa fentin mai, kada ka shigar da kaya sai warin ya fita, domin gari da gyaɗa da riɗi suna ɗaukar wari, mai saye kuma da hanci yake fara ciniki.

Baƙin mai kuwa, mun roƙe ka ka bar shi. Ba ya bushewa sosai, yana ɓata buhu da tufa, yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba daga cikin inji, yana kuma taimakon wuta. Bai kamata ya kusanci abincin mutane ba. Maganin gara a ɗakin ajiya shi ne a ɗora buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa, a riƙa dubawa ana rushe hanyarta.

To jama'a, nan za mu dakata a wannan mako. Ango na Gumel, ka je ka gaya wa Inna ta yi nasara a sama, ka gaya wa mai fenti galan 1 za a saya. Ragowar kuɗin a sa silin, in an riga an sa, a ƙara faɗin taga a yi mata waya. Muna jiran goron biki. Sauran waɗanda suka rubuto a kan rufin kwano mai yoyo da maganin gara a jikin azara, wasiƙunku sun iso, za mu waiwaye su in Allah ya kai mu mako mai zuwa. A ci gaba da rubuto mana, a riƙa faɗin ko ginin bulo ne ko na ƙasa, da girman ɗakin, da yawan tagoginsa, don amsa ta zo daidai. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. A huta lafiya.